Goran da na reno a Swansea

Ɗan manomi ko a Birtaniya ya ga fili sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Gidan da muka kama haya a Swansea yana da ɗan fili a baya. Sanyi na wucewa sai ga wasu jajayen tsirrai sun huda ƙasa, kafin ka ce kwabo sun yi kara mai gaɓa-gaɓa. Na ce wa uwargida, "Hajiya, Allah ya ba mu gora kyauta." Na shiga ban ruwa safe da yamma, a garin da ruwan sama ba ya hutu. Har taki na sayo.

Abu kuwa ya karɓa. Da ma ko ba taki, idan zafi ya shigo yakan ƙara santimita 10 a rana. Ya wuce ni tsawo, ina ta tura hotuna gida a ga noman Turai. Da abin ya yi daɗi, na tono saiwoyi na jera a gindin katanga.

Ranar da tsohuwar maƙwabciyarmu ta leƙo, dafe ƙirji ta yi ta ce, "Notwid!" Na ɗauka yabo ne, na yi godiya.

Da yamma sai ga mai gidan hayar, ko sallama babu. A tsaye ya yi mini karatu. Wannan notwid ba gora ba ce, ciyawar Japan ce, wani likita Bajamushe, Philipp von Siebold, ya kawo ta Turai don ado, ya aika wa lambun tsirrai na Kew da ke Landan a 1850. Saiwarta na nutsewa har mita 3, guntun da bai fi farce ba ya isa ya tayar da sabuwar gona. Tun 1981 doka ta hana a yaɗa ta a daji, ko a kwandon shara ba a zuba ta, bankuna ma sukan noƙe wa gidan da take ciki. Wato kachalar Hadejia ce ta Turawa. Ni kuma na ba ta taki.

Mai feshin da aka ɗauko ya ce aikin zai ci kamar shekara uku. Ya ciro takarda da biro ya dube ni. "Ba ka kai ko ɗaya wani wuri ba dai?"

Hajiya ta kalle ni, na kalli ƙasa. Abokina ya sayi sabon gida, mun je taya murna, kuma ba mu je hannu rabbana ba.