Yawun naka ne, amma sirrin na dangi ne

Jama'a, duk sanda aka tayar da zancen gwajin ƙwayoyin gado, sai ka ji wani ya ce jikinsa ne, shi ke da iko da abinsa. Ban ƙi ba. Sai dai abin da ke rubuce a jikin nan, rabi daga uwa ya zo, rabi daga uba, kuma akwai kasonsa a jikin yayyenka da ƙannenka da 'ya'yan da ba ka ma haifa ba tukuna. Ranar da ka tofa yawu a kwalba ka aika wa kamfani, har da asirinsu ka haɗa.

Kada a ɗauka ina ƙin ilimin ne. An fara aikin karanta kundin halittar ɗan Adam a 1990, aka kammala a Afrilun 2003, bayan an kashe kusan dala biliyan 3. Haruffa huɗu ne kacal, A, T, C da G, a jere har kimanin biliyan 3. Yau da ƙasa da dala 1,000 za a karanta na mutum guda, likita ya gano ciwon gadon da a da sai dai a yi ta lalube. Wannan alheri ne babba. Damuwata ita ce hannun da bayanan ke faɗawa bayan an gama.

A 2018 aka kama Joseph DeAngelo a Kaliforniya, tsohon ɗan sandan da ya yi ta kisa da fyaɗe a shekarun 1970 da 1980. Shi bai taɓa ɗora bayanansa a intanet ba. Danginsa na nesa ne suka sa nasu a shafin GEDmatch suna neman 'yan uwa, masu bincike suka gwada su da ƙwayoyin gadon da ya bari a wuraren da ya yi ta'asa, suka bi salsala har ƙofar gidansa. Wallahi na ji daɗin kama shi. Amma hanyar da ta kai ga mugu, ita ce dai za ta kai ga wanda bai ci ba bai sha ba, in wani ya so.

Ga kuma kamfanin 23andMe, mai yi wa mutane gwajin ƙwayoyin gado daga yawunsu. A 2023 'yan kutse suka shiga asusun mutum kimanin 14,000, amma ta jerin dangin da ke manne da waɗannan asusun suka kwashi bayanan mutum miliyan 6.9. Ku sake duba tazarar alƙaluman nan biyu. A Maris ɗin 2025 kamfanin ya durƙushe, bayanan jama'a suka shiga lissafin kadarorin da za a sayar. In an sace maka kalmar sirri, canzawa kake yi ka huta. Ƙwayoyin gadonka kuwa da me za ka canza su?

Za a ce ai mutum ya sa hannu a takardar amincewa. To, ƙabilar Havasupai ta jihar Arizona ma sun amince, suka ba masu binciken jami'ar jihar jininsu a farkon shekarun 1990 don a binciki ciwon sukarin da ya addabe su. Daga baya suka gano an yi amfani da shi wajen binciken taɓin hankali da asalin kakanninsu, abin da ya ci karo da tarihin da suka gada. Sai a 2010 jami'ar jihar ta biya su dala 700,000, ta mayar musu da jininsu. Doka ma ba ta gama rufe ƙofa ba: wadda Amurka ta yi a 2008 ta hana mai ɗaukar aiki da inshorar lafiya nuna bambanci saboda ƙwayoyin gado, amma ba ta taɓa inshorar rai ba.

Ni dai in likita ya ce a yi don magani, zan miƙa hannu a ɗebi jini ba gardama. Amma don sha'awar sanin daga ina kakan kakana ya taso, sai na fara tuntuɓar 'yan uwana ɗaya bayan ɗaya, kuma na san akwai ƙanwata da za ta ce ba da ita ba.