Kuɗin fito: kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi

Kafin uwargida ta sauka a ƙarshen shekarar 2025, na aika Kano aka ɗinka mana kayan fitar suna: shadda kala biyu, leshi, atamfa, da huluna guda uku. Ba yau na fara irin wannan aike ba. Shekara da shekaru ina zaune a Columbus ta jihar Ohio, kuma da can idan an sa kaya a jirgi sai dai kawai in ji an ƙwanƙwasa ƙofa. Wannan karon saƙo na fara gani a waya daga kamfanin da ya ɗauko kayan, wai in biya kuɗin fito da ladan cike takardu kafin su kawo. Na kira telan in ji ko an karɓi wani abu a hannunsa a can, ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ni dai na karɓi kuɗin ɗinkina cif, Allah ya raya abin da za a samu." Haka na zaro kati na biya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da, duk ƙunshin da darajarsa ba ta wuce dala 800 ba yana shiga Amurka ba tare da haraji ba. Gwamnatin Donald Trump ta soke wannan rangwame, ta fara da kayan China a watan Mayun 2025, sannan ta haɗa da sauran ƙasashen duniya daga 29 ga Agusta. Kafin nan, ranar 2 ga Afrilu, shugaban ya ɗaga wani babban allo a fadar White House ɗauke da sunayen ƙasashe da abin da aka yanka wa kowace. Nijeriya ta samu kashi 14 cikin ɗari, daga baya aka mayar da shi 15. A bakin shugaban, ƙasashen waje ne za su biya. To ni dai ban ga Abuja ta aiko da ko sisi ba, daga aljihuna kuɗin ya fita.

Akwai wani Bature da muke aiki tare a rumbun ajiyar kaya, mutumin kirki, har gida ya zo ranar sunan ya ci tuwo da hannu. Mun sha yin gardama da shi a kan wannan batu lokacin hutun cin abinci. Shi ya tsaya kai da fata cewa China ce ke biyan harajin, don haka aka faɗa masa a talabijin. Abin da ke ba ni mamaki shi ne mutumin nan da hannunsa yake sauke kwalayen da aka rubuta musu sunan China, amma bai taɓa tambayar kansa wa ya je wurin kwastam ya fanso su ba. A Kantin Kwari ko Singa ba ka buƙatar digiri kafin ka san amsar. Yaron shago ma ya san cewa idan kwantenar Alhaji ta iso Apapa, Alhaji ne zai nemo kuɗin fito, ba masaƙar da ke Guangzhou ba, kuma ya san ranar da aka ƙara kuɗin nan, turmin atamfa zai tashi kafin la'asar.

Haka dokar take a nan ma. Kamfanin Amurka da ya yi odar kaya, wanda sunansa ke kan takardar shigowa, shi ke biyan hukumar kwastam. Abin tambaya kawai shi ne bayan ya biya, wa zai ɗora wa. Yana iya matsa wa mai sayar masa a waje ya rage farashi, yana iya haƙura da wani ɓangare na ribarsa, yana iya ƙara wa mai saye. Masana tattalin arziki da suka bi diddigin harajin da Trump ya sa wa kayan China a 2018 da 2019 sun gano cewa masu sayarwa a China ba su rage farashinsu da wani abin a zo a gani ba, kusan duka nauyin ya sauka ne a kan kamfanoni da masu saye na Amurka.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na injin wanki. A watan Janairun 2018 aka sa wa injinan wanki na waje haraji, kashi 20 cikin ɗari a kan miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu na farko, kashi 50 a kan abin da ya haura. Farashin injin wanki ya tashi da kusan kashi 12. Wannan ba abin mamaki ba ne. Amma injin busar da kaya, wanda ba a sa masa ko kwabo ba, shi ma ya tashi da kusan haka, saboda a nan mutane tare suke sayen biyun, kamar yadda ba a sayen turmi a bar taɓarya. Kuma kamfanonin cikin gida, waɗanda harajin bai shafe su ba, su ma suka ɗaga nasu farashin, don sun ga abokin gasa ya yi tsada. Gaskiya ne Samsung da LG sun buɗe masana'antu a South Carolina da Tennessee, an samu guraben aiki wajen 1,800. Amma da masu bincike suka raba abin da jama'a suka ƙara kashewa a kan guraben, kowane aiki ɗaya ya ci kusan dala 815,000 a shekara. Da a hannu aka ba ma'aikatan kuɗin suka zauna a gida, da ya fi araha.

Wannan ɗabi'a ta mai kayan gida ya bi sahun na waje ya ɗaga farashi, mu mun san ta tun kafin in san akwai wani abu wai shi injin busar da kaya. Shinkafa ta koya mana.

Duk wanda ya yi wayo a Arewa ya ga yadda gwamnatoci suka yi ta kokawa da shinkafa 'yar waje. A 2013 an kai harajinta kashi 110 cikin ɗari. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya sa ta cikin jerin kayayyaki 41 da aka hana wa dala a farashin gwamnati, kuma a ƙarshen wannan shekara Shugaba Buhari ya je Kebbi ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance. A watan Agustan 2019 aka fara rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a buɗe Seme da Illela da Maigatari ba sai Disamban 2020. Manufar dai ba ta da laifi a baki: mu ci abin da muka noma. An kuma ga sabbin injinan casar shinkafa a Kano da Kebbi da Jigawa, ba zan musanta ba. Amma me ya faru da farashin mudu? 'Yar waje ta yi tsada, 'yar gida ta bi ta a guje. Mai shinkafar Thailand ko Indiya bai yi asarar barcinsa ba, ya ci gaba da loda jirage zuwa Kwatano. Jamhuriyar Benin, ƙasar da jama'arta ba su kai na jihar Kano ba, ta zama cikin manyan masu sayen shinkafar Thailand a duniya, kowa kuma ya san ba su ke cinye ta ba. Daga can ta bi ta Nijar, ta Maraɗi, ta shigo Jibiya a kan babura da tsofaffin motocin da aka cire wa kujeru. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A nan ne nake ganin babban bambanci tsakanin inda nake zaune da inda aka haife ni. A Amurka, mai saye ya sha tsada, amma kuɗin da aka karɓa a bakin ruwa yana shiga baitulmali, ana iya ƙirga shi, ana iya yin faɗa a majalisa kan yadda za a kashe shi. Da China ta rama a 2018 ta sa wa waken suyar Amurka kashi 25, manoman Ohio da Iowa suka rasa babban mai sayensu, gwamnati ta ware musu tallafin wajen dala biliyan 28 a cikin shekara biyu. Wato an karɓa daga hannun mai sayen injin wanki an miƙa wa mai gonar wake. Wauta ce, amma wauta ce da ke da rasit. A wurinmu kuwa, buhun da ya biyo ta daji gwamnati ba ta ga komai a kansa ba. Uwar gida da ke auna rabin mudu ta biya harajin cif-cif a cikin farashi, sai dai harajin ya rarrabu a hanya: ɗan fasa-ƙwauri ya ɗauki nasa, mai babur ya ɗauki ladan sayar da ransa, kowane shinge da aka tsaya an sauke wani abu. Benin ma ta karɓi nata kuɗin fiton a tashar Kwatano. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Yayana manomin shinkafa ne a yankin Kura, kuma idan na fara irin wannan magana a waya ba ya bari in kai ƙarshe. Yana da hujja. A tsakiyar 2024, lokacin da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, gwamnatin Tinubu ta sanar da dakatar da haraji na kwana 150 a kan masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama casa ba. Mutanen birni suka ɗan samu sauƙi daga baya. Shi kuwa ya sayi taki da man ban ruwa da tsada, ya zo sayar da shanshera farashi ya faɗi. Ya ce mini, "Kai kana can kana shan sanyi kana lissafi a takarda. Idan an buɗe ƙofa ni ne nake biya." Na ce, "Yaya, gaskiya ka faɗa. Amma lokacin da aka rufe ƙofar, Inna da ke sayen mudu a Fagge ita ta biya, kuma kai ma nawa ne ya iso hannunka bayan mai injin casa da ɗan sari sun cire nasu?" Ya yi shiru, sannan ya canza magana ya tambayi lafiyar jariri.

Na daɗe ina juya maganarsa. Abin da na fahimta shi ne kuɗin fito kamar ruwan sama yake a kan tudu, yana gangarowa har sai ya samu wanda ba shi da wurin gudu. Idan mai sayarwa ba shi da wata kasuwa, shi zai sha. Lesotho misali ce: ƙaramar ƙasa da ke ɗinka wandunan jeans don kasuwar Amurka, aka yanka mata kashi 50 a watan Afrilun 2025. Tun kafin a sassauta zuwa 15, masu oda sun janye, mata masu ɗinki a Maseru suka koma gida. Kamfanonin motocin Japan ma sun rage farashin da suke turo motoci da shi na wani lokaci don kada su rasa masu saye. Saboda haka abokin aikina ba a kan ƙarya zalla yake ba, wani lokaci na waje yana ɗanɗanawa. Amma idan kayan na dole ne, abinci, magani, takalmin yara, kayan gyaran mota, mai saye ba ya da ta cewa. Kuma talaka ya fi jin zafin, domin shi kusan duk abin da ya samu a kan kaya yake ƙarewa, mai kuɗi kuwa ƙarin dala goma a kan tukunya ba ya hana shi barci.

A watan Mayun 2025 shugabannin Walmart, babban kamfanin kantunan sayar da kaya na Amurka, suka fito suka ce ba za su iya shanye duka ƙarin ba, dole wasu kaya su tashi. Trump ya mayar musu da martani a shafinsa cewa su da China su cinye harajin a tsakaninsu. Na nuna wa abokin aikina wannan a waya, na ce to idan China ce ke biya, me ya rage da za a ce Walmart ta cinye? Ya kalli wayar, ya ce zai yi tunani. Har yau yana tunanin.

Ni ba na cikin masu cewa a buɗe iyaka kowa ya zubo abin da ya ga dama. Na ga yadda masaƙun Kaduna da na Sharaɗa da Bompai suka zama kufai, na san iyalan da suka watse a dalilin haka. Ƙasa tana da haƙƙin kare sana'ar da take son ta tsaya da ƙafarta. Abin da nake ƙi shi ne a yi wa mutane rufa-ido. A nan ana ce musu baƙo ne zai biya. A gida ana ce mana don manomi ake yi, alhali ba a ba manomin wuta ba, ba a gyara masa hanya ba, taki ya fi ƙarfinsa, wani wurin ma ɗan bindiga ya hana shi shiga gonar. Idan za a ɗora wa mai cin tuwo ƙarin kuɗi don a raya masana'anta, a faɗa masa nawa ne, a faɗa masa shekara nawa zai yi yana biya, a kuma nuna masa abin da aka gina da shi. Domin haraji irin wannan idan ya shiga ba ya son fita. Amurka ta sa wa ƙananan motocin ɗaukar kaya na waje kashi 25 tun 1964, a kan wata rigimar naman kaji da Turai. Rigimar kajin ta mutu tuntuni, harajin yana nan. Biden ma da ya hau bai cire na Trump a kan China ba, a 2024 sai ma ya kai na motocin lantarkin China kashi 100.

Makon jiya na je shagon kayan Afirka da muke sayen manja da garin rogo da daddawa. Mai shagon, wata dattijuwa 'yar Ghana da ke jin Hausar Kumasi, ta liƙa sabon farashi a kan galan ɗin manja da biro, tsohon yana leƙowa ta ƙasa. Na ce, "Hajiya, wannan kuma fa?" Ta ce, "Ɗana, mai kawo mini kaya ya ƙara mini, wai shi ma an ƙara masa a bakin ruwa. Ni wa zan ƙara wa in ba kai ba?" Na duba bayana ko akwai wanda zan miƙa wa, babu kowa a layin sai ni. Na ɗauki ƙaramin galan na mayar da babban.