Yaron da ya ji rauni a fili ba shi zai yanke ranar komawa ba

A ranar 19 ga Nuwamban 2023, ana wasan Sifaniya da Jojiya, jijiyar tsakiyar gwiwar Gavi, ɗan wasan Sifaniya da ƙungiyar Barcelona, ta tsinke. Shekarunsa 19 a lokacin. Bai sake taka leda a wasan gasa ba sai 20 ga Oktoban 2024, ranar da Barcelona ta lallasa Sevilla, kuma ko a ranar ma mintunan ƙarshe kawai aka ba shi. Wata 11 ke nan, har ƙasarsa ta ɗauki kofin nahiyar Turai yana kallo daga gefe. Tiyatar a yini guda aka gama ta. Sauran watannin duk a hannun likitocin gashin ƙashi ya yi su, yana koyon miƙe ƙafa da lanƙwasa ta, sannan tafiya, sannan gudu, kafin a kai ga juyi da tsalle.

Matasanmu sun bi wannan labari a gidajen kallon ƙwallo, sun yaba haƙurin yaron. Amma idan ɗan unguwarmu mai shekara 16 ya faɗi a filin makarantar firamare yana riƙe da gwiwa, wani lissafin dabam muke yi masa. A ja ƙafar, a shafa man zafi, a biya kemis a yi allurar kashe ciwo. Kumburi na saɓewa bayan mako biyu ko uku, sai koci ya ce: "Ai ka warke, daure ka buga mana wannan, wasan kusa da na ƙarshe ne." Yaro kuwa dama abin da yake jiran ji ke nan, don an ce masu ɗaukar 'yan wasa za su zo kallo.

Abin da ba a gani shi ne abin da ke faruwa a cikin ƙafar. Gwiwa idan ta kumbura, naman cinya na gaba yakan daina amsa kira yadda ya saba, kuma cikin 'yan makonni sai ya zube. Duk mai shakka ya ɗauki tef ɗin tela ya auna cinyoyin yaron biyu a wuri ɗaya, zai ga bambanci. Haka targaɗen idon sawu: ciwon na tafiya, amma gaɓar takan rasa saurin gane inda take idan an taka rami ko an sauko daga tsalle, shi ya sa wanda ya taɓa yi yake ta maimaitawa a ƙafa ɗaya. Hutu kaɗai ba ya mayar da ƙarfin nan, zafin ruwa ko na na'ura ma ba ya mayar da shi. Atisaye ne ke mayarwa, wanda aka tsara mataki-mataki, ana ƙara nauyi daidai da abin da gaɓar za ta iya ɗauka. Wannan shi ne ainihin aikin likitan gashi, kuma shi ne ɓangaren da muka fi tsallakewa.

Masu bincike sun auna kuɗin gaggawa. Wani nazari na haɗin gwiwa tsakanin Norway da Amurka da aka wallafa a 2016, a kan waɗanda aka yi wa tiyatar wannan jijiya ta gwiwa, ya nuna cewa kowane wata guda da ɗan wasa ya ƙara jira, har zuwa wata na 9, yana rage haɗarin sake jin rauni da kashi 51 cikin 100. Sauri ya haifi nawa, in ji Bahaushe. Yaron da ya ƙi asarar wata uku sai ya yi asarar shekara biyu, wani ma ya bar ƙwallon ke nan da ɗingishi.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da yara. Ƙashin yaro bai gama ƙosawa ba. Kusa da kowace gaɓa akwai wani faifan guringuntsi inda ƙashin yake ƙara tsawo, kuma ba ya rufewa sai can wajen ƙarshen shekarun balaga. Wurin ya fi jijiyoyin da ke kewaye da shi rauni, don haka faɗuwar da za ta zama targaɗe ga babba tana iya zama tsagewar wannan faifai ga ɗan shekara 13. Idan aka ja shi da ƙarfi aka ɗaure ba tare da hoto ba, ƙafar na iya tasowa a karkace ko ta fi 'yar'uwarta gajarta. Ban raina masu ɗori ba, suna kusa da jama'a, mutane sun yarda da su, kuma kuɗinsu talaka na iya biya. Sai dai hannu ba ya ganin wannan faifai, kuma tsinkakkiyar jijiya ba ta ɗoruwa da kara da tsumma.

Na san abin da uba zai ce: ina kuɗin? Maganarsa gaskiya ce. Hoton MRI, wanda ke nuna jijiyoyin cikin gaɓa, ya fi ƙarfin yawancin gidaje, likitocin gashi sun yi kaɗan kuma sun taru a manyan birane. Wanda ke Kano yana da Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Malam Aminu Kano, amma yaron ƙauye sai ya haɗa da kuɗin mota da na kwana. Duk da haka, mafi yawan aikin farfaɗowa a gida ake yinsa, da tabarma da matakalar bene da igiyar roba. Abin da ake buƙata daga ƙwararre shi ne ya gano raunin, ya tsara atisayen, ya riƙa dubawa lokaci-lokaci yana canza shi. Har gwajin komawa fili ba ya cin kuɗi: yaro ya yi tsalle da ƙafa ɗaya a auna nisan, ya sake da ɗayar. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne mai raunin ta kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na lafiyayyar, ba kumburi, ba tsoron saukowa a kanta.

Shi ya sa nake ganin nauyin a wuyan manya yake. Ɗan shekara 16 da ke mafarkin Turai zai ɓoye ciwo, zai haɗiyi ƙwaya kafin wasa, wasu har tiramol, zai rantse ya warke. Ba wauta ba ce, tsoro ne kar wani ya gaje masa riga. Kocin da ya ce masa "wurinka yana nan, je ka gama gashinka" ya cire masa dalilin ƙarya. Wanda kuma ya sa yaro a fili alhali yana ganin ɗingishinsa ya ci amanar iyayen da suka damƙa masa ɗansu, ko da an ɗauki kofin.

Makarantun koyon ƙwallo da ke karɓar kuɗin rajista daga iyaye ba su da hujjar zama ba tare da likitan gashin da suke hulɗa da shi ba, ko da sau ɗaya ne a mako, kuma ya kamata hukumomin ƙwallo na jihohi su mayar da hakan sharaɗin ba da izini. 'Yan siyasa da attajiran da ke sa kofi a unguwanni su ware wani abu daga kuɗin kyauta don jinyar wanda ya ji rauni a gasarsu. Jami'ar Bayero tana yaye masu wannan ilimi duk shekara, ba sai an nemo su daga waje ba.

Rigakafin ma an gwada shi a ƙasar nan. Tsarin ɗumama jiki na minti 20 da ake kira FIFA 11+, wanda ya ƙunshi gudu da ƙarfafa cinya da tsayuwa da ƙafa ɗaya da koyon saukowa daga tsalle, an jarraba shi a kan ƙungiyoyin matasa 20 a Legas. Sakamakon da aka wallafa a 2014 ya nuna raunuka sun ragu da kashi 41 cikin 100. Kyauta yake a intanet, kuma kocin da ke da waya zai iya fara shi a atisayen gobe da safe.