Tsatsar da ido ba ya gani

Kwana uku ina auna tetracycline, wato ja da yalo ɗinmu, a na'urar HPLC, mai rarrabe sinadaran da ke cikin ruwa ta auna su, a ɗakin gwajinmu nan Jamus. Layin da ya kamata ya tashi tsaf ya sauka tsaf a allon kwamfuta sai jan jela yake yi. Na ɗora wa kolom laifi, wato bututun da ke rarrabe sinadaran, har na cike takardar sayen sabo.

Sai ga dattijuwar da ke kula da na'urorin, da littafinta mai baƙin bango wanda take rubuta ranar da aka canja kowane bututu. Kallo ɗaya ta yi ta ce ƙarfe ne. Ƙarfen nan da ake cewa ba ya tsatsa, idan ya daɗe yana shan ruwan gishiri da asid, yakan fara ci ta ciki. Shi kuwa tetracycline maƙale wa ƙarfe yake yi, haka ma duk abin da ke ɗauke da fosfet, irin su ATP, sinadarin da ke ɗaukar kuzari a ƙwayoyin jiki. Ta cire kolom, ta wanke bututun da asid ɗin fosforik, ta yi ta ɗauraya da tataccen ruwa, ta sauya wani bututun da na robar PEEK, ta sa ɗan EDTA, sinadarin da ke kama ƙarfe, a ruwan aikin. Da aka sake gwadawa jela ta ɓace. Kwana biyu na'urar ba ta yi aiki ba, babu wanda ya ɗaga mata murya.

Da za ta fita ta ce, “A can ƙasarku ba a koya muku wannan ba?”

Maganar ta yi min zafi. Gaskiya ba a koya mana ba. Amma wa zai koya maka wanke na'urar da ɗalibai hamsin ke leƙe ta taga? Ba ƙwaƙwalwa muka rasa ba. Mutumin da ya san cikin na'ura ne ba mu ɗauka da daraja ba. Oga sakamako yake so yau, kai kuma ka ce kwana biyu za ka yi kana wanki?

Na san Jamusawa ma suna da tasu matsalar, takarda kafin ka taɓa komai. Duk da haka, a nan maganar dattijuwar nan ta fi ta farfesa idan na'ura ta yi gardama.

Malamin da ya fara riƙe hannuna a ɗakin gwaji da kuɗinsa yake sayen man janareto don kada famfon na'urar ya tsaya da ruwan gishiri a ciki. Ya yi ritaya ba a taɓa tura shi kwas ko na sati ɗaya ba. Daren nan shi na fara kira.