Alherin da ke hana ta'addanci yana farawa ne daga bakin gona

Wanda ya ga kisan da aka yi a 'Yargaladima ta jihar Zamfara a 2014, ko ya ji kukan iyayen 'yan matan Jangebe da aka kwashe a Fabrairun 2021, ba za a ga laifinsa ba idan ya ce wasu mutane da mugunta aka haife su. Haka ake faɗa a majalisu daga Gusau har Ɗansadau, a rufe zancen da cewa hali zanen dutse ne.

Sai dai addininmu bai yarda da wannan ba. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim ya ce kowane jariri a kan fiɗira ake haifarsa, iyaye ne ke karkatar da shi. Suratus Shams kuma ta nuna an sanar da rai fajircinsa da taƙawarsa, wato ƙofa biyu ce a buɗe. Samarin da ke rataye da bindiga a dazukan Maru da Zurmi yau, da yawansu ko haifarsu ba a yi ba lokacin da aka ƙirƙiro jihar a 1996. A hannunmu suka tashi.

Matsalar ita ce mun ɗauka alheri shi ne lallashin mai bindiga. An yi sulhu a 2016 zamanin Gwamna Abdul'aziz Yari, an sake a 2019 zamanin Gwamna Bello Matawalle, an sako mutane, an miƙa wasu makamai, daga baya wuta ta dawo. Dalili a fili yake: kyautar da aka yi wa wanda ya riga ya ɗauki makami, shi a wurinsa ladan makamin ne. Na bayansa ma sai ya nemi nasa.

Umarnin Suratu Fussilat na tunkuɗe mummuna da abin da ya fi kyau, wurin aikinsa tun kafin jini ya zuba ne. Ɗauki ɓarnar gona. Shanu sun shiga dawa da dare. Ƙa'ida ita ce a je gonar da safiyar nan, tun sawu bai ɓace ba, mai unguwa da arɗo da manoma biyu da ba su da dangantaka da mai gonar. A ƙirga kunyoyin da aka ci, a ƙiyasta dami nawa za su ba da, a mayar da shi kuɗi da farashin kasuwar makon, a biya a gaban shaidu. Hukuncin ma ba sabo ba ne. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, Annabi (SAW) ya yanke cewa tsaron gona da rana yana kan masu ita, ɓarnar dare kuwa masu dabbobi ne za su biya.

Inda abin ke lalacewa sananne ne. A bar magana ta kwana uku, sai 'yan tsakani su shigo, ɓarnar dami uku ta koma kuɗin bijimi guda, kuma rabin kuɗin ba zai isa hannun manomin ba. Yaron makiyayi yana tsaye yana kallon ubansa ya sayar da saniya kan abin da bai kai tunkiya ba. Ta ɗaya ɓangaren, idan mai shanu ya sayi bakin masu hukunci, ɗan manomi ne zai ga gumin shekara ya tafi a banza, shi kuma ƙungiyar sa-kai tana jiransa. Kowannensu ya koyi darasi guda, cewa gaskiya ba ta ƙwato haƙƙi.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne bayan an girbe gero, dawa da wake suna tsaye. A nan ne ya kamata hakimi ya sa ranar sakin gonaki, a yi shela a kasuwa da masallacin Juma'a, a aika wa kowane arɗo. Kafin damina kuma a bi burtali da mashaya ƙafa da ƙafa, duk wanda ya nome su a sa ya janye, ko da ɗan gidan sarauta ne.