Kasuwar Muda Lawal Ba "Chaos" Ba Ce

Tun da na zo Ingila babu kalmar da ta cika mini kunne kamar "chaos". Da ch ake rubuta ta amma "keyos" ake furtawa, don daga Girkanci ta fito, inda asalinta ke nufin wawakeken sararin da babu komai cikinsa kafin a yi duniya. Yanzu tana nufin rikicewar da ba a gane kai balle gindi. Sai dai Turawa sun mai da ita gishirin miya. Dusar ƙanƙara ta sa jiragen ƙasa sun makara, washegari jarida ta buga "travel chaos". Uwa ta tarar yara sun watsa kayan wasa a ɗaki, ita ma abin da za ta ce ke nan.

Wannan harshensu ne, ba ruwana. Abin da ya taɓa ni shi ne ranar da na nuna wa wani abokin aikina bidiyon kasuwar Muda Lawal da ƙanena ya turo mini daga Bauchi. Bai kai ƙarshe ba ya furta kalmar nan. Na ce masa sam.

Shi taro ya gani da ƙarar hon. Ni kuwa na ga motocin kayan gwari suna sauke tumatir da albasa, kowace a gurbinta. Dillali ya san mai kowane kwando da abin da aka taya. 'Yan dako sun san wanda ya riga wani. A tasha ɗan kamasho ya san motar da ke kan layi, kuma direba bai isa ya tsallake ba. In gardama ta tashi akwai shugabannin kasuwa da ake zuwa gabansu. Tsari ne tsaf, ba a dai rubuta shi a allo ba.

Hausa ta rarrabe waɗannan abubuwa. Mutane sun yi yawa, cunkoso ne. Murya ta yi sama, hayaniya ce. Sai tsari ya watse ake cewa hargitsi ko yamutsi, in an kai ga jifa da ƙone-ƙone a ce tarzoma. Shi ya sa nake jin zafi in na ga matasanmu a Facebook suna tattara duk wannan su danne da kalmar Turanci guda, suna kallon garinsu da idon baƙo.

Ranar da gobara ta tashi a kasuwa, Allah ya kiyaye, kowa na gudu da abin da hannunsa ya kai, mai baro ya yar da baronsa, nan zan yarda an yi hargitsi. Safiyar da ƙanena ya ɗauka kuwa kasuwa ce take ci.