Wa muke miƙa wa makirufo ranar Lahadi?

'Yan'uwa masu hidimar waƙa, kiɗa, wasan kwaikwayo da masu kula da na'urori a ikilisiya, yau da ku nake, kuma ban cire kaina ba.

Na daɗe a ƙungiyar mawaƙa, kuma ban taɓa ganin ƙungiyar da rashin baiwa ya kashe ba. Mun taɓa zama muka rubuta ƙa'idodinmu: tawali'u, haɗin kai, kiyaye lokaci. Aka manna a bango, gwanin sha'awa. Ba a yi wata guda ba, wanda ya fi mu murya ya daina zuwa bita ranar Asabar. Lahadi sai ya iso ana addu'ar buɗewa, a miƙa masa makirufo, ita kuwa yarinyar da ba ta taɓa fashin bita ba tana can layin baya. Babu wanda ya ce uffan, har ni, don muna tsoron kada ya yi fushi ya koma wata ikilisiya. Daga ranar kowa ya gane ainihin dokarmu: in kana da murya, doka ba ta hau kanka ba. Takardar tana nan a bango, amma ba ita ake bi ba.

Ku duba 1 Tarihi sura 25. Dauda ya keɓe 'ya'yan Asaf, Heman da Yedutun domin waƙa a gidan Ubangiji. Ƙwararru 288 ne, aka kasa su kashi 24, kowane kashi mutum 12. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne aya ta 8: ƙuri'a aka jefa wajen raba aikin, babba da ƙarami, malami da almajiri, duk ɗaya. Ba wai an raina gwaninta ba ne, don a sura 15 an sa Kenaniya ya shugabanci waƙa saboda ya iya. Amma iyawa ba ta ba kowa damar mallake wurin ba. Mutum 288 sun iya bin layi, mu ashirin mun kasa?

Haka ma Bezalel, mai fasahar da ya jagoranci aikin alfarwa ta sujada. Kowa na tuna cewa Allah ya cika shi da Ruhunsa, ya ba shi hikimar aikin zinariya, azurfa, tagulla, dutse da itace. Ba a cika ambaton Fitowa 35:34 ba, inda aka ce an ba shi, shi da Oholiyab, ikon koya wa waɗansu. To, ɗan'uwa mai kaɗa kibod, shekara nawa kana kan kujerar nan, kuma wa ka koya wa? Ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai, sujada ta tsaya cik, kada ka ɗauka yabo ne.

Sai maganar gyara. Mai kula da sauti ba a tunawa da shi sai lasifika ta yi ƙara, nan take mai jan waƙa ya watsa masa harara a gaban jama'a. Da yamma kuma a cika rukunin WhatsApp da habaici, wai "wasu dai ba su san aikinsu ba." Yesu ya riga ya nuna hanya a Matiyu 18:15: ka je wurin ɗan'uwanka, kai da shi kaɗai. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma gyaran da aka yi a bainar jama'a yakan zama.

Mu dai daga baya muka yi jadawali, muka amince cewa wanda bai zo bita ba ba zai ja waƙa ranar Lahadi ba, ko wane ne. Shugabanmu ya je ya sami ɗan'uwan nan da ya fi mu murya a keɓe ya faɗa masa. Ya yi fushi, mako biyu ba mu gan shi ba. Yarinyar nan ta ja waƙa, muryarta na rawa a baitin farko, a na biyu ta daidaita. Asabar ta uku muna jera kujeru sai ga shi ya shigo, kafin lokaci da minti goma.